Labarin Motar Soja Wadda Ba Ta Kai Taƙi Ba

 Yau ba mas'alar nahawu ko ta rabon gado na zo muku da ita ba. Labarin wata mota zan ba ku, wadda na harhaɗa da hannuna a zauren makarantata cikin wata huɗu, tsakanin tashin yara na hantsi da kiran azahar. Tsawonta bai kai taƙi ba, ba ta shan mai, ba ta ko motsi. Na sani akwai mai cewa, ashe furfura ba ta hana wasan yara? An riga an faɗa mini haka baki da baki, saboda haka ku yi haƙuri ku ji dalili tukuna.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban soja ne a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. An kai shi ƙasar Bama, ba Bama ta Barno ba, waccan ta gabas da Indiya wadda yanzu ake ce wa Myanmar. Yana cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda Ingilishi suka kafa a 1943 da sojojin Nijeriya da na ƙasar da yanzu ake kira Gana. An kai su Indiya a 1944, suka shiga yankin Arakan a watan Disamba na wannan shekara, suka karɓe garin Buthidaung daga hannun Japanawa, sa'an nan suka gangara har suka haɗu da 'yan'uwansu na Runduna ta 81 a Myohaung cikin Janairu 1945. Ba su komo gida ba sai 1946. Wanda ya san Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, wanda kuwa ya san Ikko ya ji sunan barikin Arakan da na Myohaung. Duk sunayen wuraren da mutanen nan suka yi yaƙi ne, amma a tsayar da samari goma a ƙofar barikin a tambaye su ma'anar sunan, da wuya a sami ɗaya mai amsa.

Shi mahaifin nawa ba mai yawan magana ba ne, labarin yaƙin kuwa sai ya ga dama, shi ma gutsure-gutsure. Ya rasu ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, sa'ad da hankalina ke kan littattafai, ban san darajar tambaya ba. Abin da ya bari na wancan zamani hoto ne guda, faɗinsa kamar tafin hannu, yana tsaye a jikin wata babbar mota ya dafa ƙofarta. Hoton ya koɗe ya koma launin kunun tsamiya, gara kuma ta ci kusurwarsa. Bara na ɗauko shi na nuna wa jikokina, babban ya duba ya ce, Malam, ina motar take? Na karɓa na duba, na ga gaskiyar yaron, gama ni da ke ganin motar da idon da ya san ta tun tana fitowa sarai nake ganinta. Wanda bai san ta ba, inuwa kaɗai zai gani.

Akwai wani tsohon almajirina da ya sauke a hannuna, yanzu yana sayar da kayan gyaran mota a Kano, yana kuma fita ƙasashen waje saro kaya. Da ya zo gaisuwar salla na nuna masa hoton, na ce ina tsammani Bedford ce, domin ita muka tashi muka gani a hanyoyinmu. Ya ɗauki hoton da wayarsa, ya buɗa shi da yatsa har ya yi girma, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba Bedford ba ce. Dubi hancinta a dakushe kamar an mare ta, dubi kuma gilashin gaba, samansa ya rinjayo waje, ƙasansa ya shige ciki. Ka ba ni kwana kaɗan in bincika."

Ga abin da bincikensa da nawa suka tabbatar. Motar ƙirar ƙasar Kanada ce. Da yaƙi ya matsa wa Ingila, musamman bayan ta bar yawancin motocinta a bakin tekun Dunkirk a 1940, sai kamfanonin Ford da General Motors na Kanada suka ajiye kishin kasuwa, suka ƙera motoci a kan fasali guda bisa sharuɗɗan sojan Ingila. Kanada ta ƙera motocin soja fiye da 800,000 a yaƙin nan, kusan rabinsu kuwa masu wannan dakusasshen hanci ne. Ta mahaifina Chevrolet ce, gama ragar da ke gaban lagireto ɗinta saƙar rarrabe ce mai ido a karkace, ta Ford kuwa idonta a miƙe yake mai kusurwa huɗu. Sunanta a takarda C60L. Harafin farko na Chevrolet ne, 60 ɗin awo ne na Ingilishi mai laba 112 sau sittin, watau tan uku ke nan, harafin ƙarshe kuwa yana nufin doguwa ce, domin tsakanin tayar gaba da ta baya inci 158 ne. Injinta mai silinda shida ne, mai shan fetur, tayoyinta huɗu duka suna ja. Gilashin nan da ya rinjayo an yi shi haka da gangan, domin kada rana ta buge shi ya yi walƙiya sama, jirgin abokan gaba ya hango. Sitiyarinta a dama yake, ko da yake mutanen Kanada ta dama suke bi a hanya, saboda don Ingilishi aka yi ta. Dattawa sun tuna mu ma a nan ta hagu motoci ke bi, sai a watan Afrilu 1972 aka juya.

Da na ji an ce totur ɗinta a tsakiya yake, tsakanin kuloci da birki, sai na tuna wata magana tasa da ban taɓa fahimta ba. Yakan ce da ya dawo ya kama tuƙin motar wani attajiri, ya yi wata guda ƙafarsa tana masa gardama. Ashe abin da yake nufi ke nan.

Bayan wata biyu almajirin nan ya aiko mini da kwali, girmansa kamar na takalmi, a bisansa an zana motar sak. Ya rubuto cewa a ƙasashen Turai da Japan akwai mutane, manya masu iyali, waɗanda aikinsu na hutu shi ne harhaɗa irin waɗannan ƙananan motoci da jirage. Abin ya daɗe. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara da ɗan ƙaramin tarakta a 1949, kamfanin Tamiya na Japan kuwa shi ya yaɗa ma'aunin da aka fi bi wajen motocin yaƙi, wanda ake rubutawa 1/35. Ma'anarsa, kowane inci talatin da biyar na babbar mota ya zama inci ɗaya a ƙarama. Motar da tsawonta ya kai wajen ƙafa ashirin sai ta dawo kusan inci bakwai.

A nan attajirai su matso, ga hisabi. Kada wani ya ce tun da an rage ta sau 35, kayan da za ta ɗauka ma a raba da 35. Ba haka ba ne, domin an rage tsawo, an rage faɗi, an rage zurfi. Sai a buga 35 sau 35 sau 35, ya ba da 42,875. Tan uku na Ingilishi ya ɗara kilo 3,000 kaɗan, watau buhu talatin na kilo ɗari-ɗari. In an raba da wancan adadi, sai a ga lodin 'yar motar nan bai wuce giram 71 ba, gero cikin tafin hannu guda. Na ba manyan almajiraina wannan lissafi, mutum biyu kaɗai suka fitar da shi.

Kafin in taɓa kome sai da na tsaya a kan hukunci, gama na san za a tambaye ni, kuma ya cancanta a tambaye ni. Abin da malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka haramta shi ne surar abu mai rai, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Surar itace ko jirgin ruwa ko gida babu laifi a cikinta, an kuma ruwaito Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya nuna wa wani mai sana'ar zane ya koma kan itatuwa da abin da ba shi da rai. Mota kuwa 'yar'uwar jirgin ruwa ce a wannan babi. Amma almajirin nawa, don son kyautatawa, ya haɗo da wata 'yar leda mai ɗauke da mutum-mutumin direba, a zaune, hannuwansa a miƙe kamar yana riƙe da sitiyari. Wannan na mayar masa da abinsa. Kujerar direba na bar ta wayam, daga baya ma na ga hakan ya fi dacewa da abin da nake nufi.

Wani Alaramma maƙwabcina, wanda ya girme ni da shekara goma sha, ya leƙo ya tarar da ni da tabarau a hanci ina tsintar ɓaɓɓakin roba. Ya ce, "Malam, haramci dai babu, amma ina tsoron lagawu. Sa'an nan kuma motar Nasara ce, waɗanda suka ci ƙasarmu suka kwashi 'ya'yanmu zuwa yaƙin da ba namu ba." Na ce, "Allah ya gafarta Alaramma, maganarka ta biyu gaskiya ce, har ma da ƙari, domin an biya mutanen nan ƙasa da abin da aka biya Turawan da suka sha ruwan harsashi tare. Amma ba don Sarkin Ingila nake yi ba. Uban wani ne ya zauna cikin motar nan shekara biyu, ɗansa kuwa yana so jikokinsa su ga inda ya zauna." Game da lagawu, na yi masa alkawari ba zan taɓa ta a lokacin karatu ba, na kuwa cika. Bai gamsu sarai ba, amma ya riƙa leƙowa.

Da na buɗe kwalin na tarar da gaɓoɓin motar wajen ɗari biyu da wani abu, kowace tana manne a jikin wani reshe na roba, da lambarta a gefe. An narka robar ne an zuba ta a mazubin ƙarfe, kamar yadda masu zubin tukunyar alminiyom ke yi, saboda haka kowace gaɓa tana da ɗan zare a gefenta inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Da takarda mai zane wadda ke nuna abin da za a fara da abin da zai biyo. Abin mamaki, babbar motar ma haka aka riƙa aika da yawanta, a wargaje cikin akwatuna, a haɗa ta a Indiya ko Ostareliya ko Afirka ta Kudu. Kayan aikina ba su da yawa: abin yankan farce na cire gaɓa daga reshe, reza ta kankare zaren nan, takarda mai yashi irin ta kafintoci amma mafi laushi, matsefata ta ɗaukar abin da yatsa ba ya iya kamawa, da tsinken sakace. Farkon abin da na yi, na wanke rassan duka da ruwan sabulu, domin akwai maiƙon mazubi a jikinsu wanda ke hana fenti zama.

Gam ɗin wannan aiki ba kamar ƙaron da muke sa wa tawada ba ne. Ƙaro yakan bushe tsakanin abu biyu ya riƙe su, ruwa kuma ya sake su. Wannan kuwa ruwa ne tsararo mai ƙarfin wari, wanda ke narka fuskar robar kanta, gaɓa biyu su zama jiki ɗaya. Ana haɗa gaɓoɓin tukuna, sa'an nan a ɗiga shi da bakin buroshi a mahaɗa, shi da kansa zai bi tsagin ya shige. In ya taɓa yatsa, yatsa ya taɓa jikin mota, to zanen yatsan ya zauna ke nan. Mu da muka saba kuskuren allo ruwa ke wanke shi, wannan darasi ya yi mana tsauri. A kuma yi aikin a inda iska ke shiga, gama warinsa yana sa ciwon kai.

Wurin da na sha kashi shi ne shasi, watau ƙashin bayan mota: dogayen ƙarafa biyu da gajeru masu gittawa a tsakaninsu kamar tsani. Na yi gaggawa na haɗa shi a kan tabarma, na ɗaura sifirin da aksul da farfela, na bar shi ya kwana. Da safe na sa tayoyi na ajiye ta a kan allo, sai ga tayar baya ta hagu a sama, kamar akuya mai ɗingishi. Murɗewar ba ta fi kaurin farce ba, amma kaurin farce a nan ya fi rabin inci a babbar mota. Kwana biyu ban dube ta ba don haushi. A na uku na bi mahaɗan da sabon gam har suka yi laushi, na kwantar da shasin a kan gilashin taga, na danne shi da littafin ƙamus, na bar shi yini da kwana. Wanda zai yi wannan aiki ya riƙe wannan: a kan gilashi ake haɗa shasi, kuma kada a bar gam ɗin aksul ya bushe sai an ga tayoyi huɗu sun taka ƙasa.

Ɗakin direba shi na fi daɗewa a kansa, ba don wuya ba. Injin yana tsakanin kujeru biyu, an rufe shi da murfin ƙarfe, wurin ƙafa kuwa ƙunci ne ƙwarai. Da na manna fedojin nan uku, kowane bai kai ƙwayar riɗi biyu ba, na ga yadda suka matsu, sai na tuna mahaifina dogo ne mai manyan ƙafafu, ga takalmin soja, ga zafin inji a gwiwarsa ta hagu, ga zafin ƙasar Arakan. Duk abin da ke cikin ɗakin tilas a fente shi kafin a rufe, domin in rufi ya hau, buroshi ba ya kaiwa. Kuskurena na biyu a nan ya faru: na manna gilashin gaba da gam mai kamawa nan take, irin na gyaran takalmi, hucinsa ya sa gilashin ya yi fari fat kamar ido mai yana. Na ɓamɓare shi, na yanko wani daga farar robar kwalin magani mai nuna ciki, na manna da farin gam na kafinta, wanda in ya bushe ba a ganinsa.

To, sai fenti, wanda shi ne rabin aikin ko fiye. Sojan Ingila bai yi wa motocinsa launi ɗaya a ko'ina ba. Na hamadar Masar da Libiya launin rairayi aka yi musu, na Ingila sun yi zamani da ruwan ƙasa sa'an nan aka koma tsanwa mai duhu a 1944, na Indiya da Bama kuwa aka ba su wata tsanwa ta kurmi, mai duhu, mai sirkin ƙasa-ƙasa. Hotona ba shi da launi, saboda haka na bi abin da aka sani na wannan fagen yaƙi. Na gauraya tsanwa da ɗan ruwan ƙasa da ɗigon baƙi, ina gwadawa a kan guntun reshe, har na sami abin da ya yi kama da miyar kuka da ta kwana. Sa'an nan na ƙara ɗan rawaya na haskaka shi, domin masu wannan sana'a sun lura ƙaramin abu in an ba shi ainihin launin babba yakan yi duhu fiye da kima. Dalili kuwa, wanda ke kallon 'yar mota daga nisan kamu biyu kamar mai kallon babba ne daga nisan kamu saba'in, nisa kuwa yana kashe kaifin launi, kamar yadda dutse mai nisa kan yi fari-fari.

Da farko a shafa fentin share fage mai ruwan toka, shi ke kama roba, shi ke kuma tona asirin duk wani tsagi da aka manta. Sa'an nan launi, a tsinke da ruwa kamar madara, shafi uku masu sirara, kowane ya bushe kafin na gaba. Shafi ɗaya mai kauri yakan cike kan kusoshi da layin katako, mota ta fito kamar an tsoma ta a kunu. A nan aikin zayyana ya amfane ni. Wanda ya saba sa jan wasali da ɗigon rawaya na hamza a tsakanin baƙaƙe ba tare da wani ya taɓa wani ba, hannunsa ya riga ya san yadda ake ɗauke numfashi kafin a ja layi. Abin da ban shirya masa ba shi ne hunturu. Fentin yakan bushe a bakin buroshi kafin ya kai jikin mota, ƙura kuma ta sauka a kan ɗanyen shafi. Na koma yin fenti da sassafe, in yayyafa ruwa a daɓen zaure, in na gama shafi in kife ƙwarya a kanta. Rana kuwa ba a shanya ta a ciki, gama robar takan lanƙwashe. Tayoyi ba baƙi wuluk na yi musu ba, toka-toka mai duhu na yi, kowa ya dubi tayar motar da ke aiki zai ga haka take.

Alamomin da suka zo cikin kwalin na rundunonin Turai ne, babu na mutanenmu. Ɗaya kaɗai na ɗauka, wani ɗan faifai rawaya da ake sa wa a gaban mota da lamba baƙa, mai nuna wa mai tsaron gada ajin nauyinta. Irin waɗannan alamu a kan takarda suke, a jiƙa a ruwan ɗumi su sulɓe, a zame su zuwa wurinsu, a danne da auduga. Tambarin runduna kuwa da hannu na zana. Na Runduna ta 81 gizo-gizo ne baƙi a kan rawaya, wanda aka ɗauko daga Ananse na tatsuniyoyin mutanen Gana, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Na Runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye a kan gammo. Ku lura da gammon nan. A tsaunuka da kurmin Arakan hanyar mota takan ƙare, daga nan sai jirgin sama ya jefo kaya, dubban sojoji 'yan dako su ɗauka a ka. Motar mahaifina iyakarta bakin hanya, sauran tafiyar ta masu gammo ce. Faɗin tambarin a jikin 'yar motar bai kai ƙwayar masara ba. Na fiƙe alƙalamin gamba ya yi tsini kamar allura, na zana sau huɗu ina gogewa, na biyar ya zauna.

Tampol ɗin da ya zo a kwali na roba ne, a sandare kamar murfin akwati, ban so shi ba. Na lanƙwasa wayoyi na yi baka uku a kan bodi, na jiƙa lallausar takarda da farin gam mai ruwa, na shimfiɗa a kai. Da ta bushe ta yi tattara ta lotsa tsakanin bakuna kamar tampol na gaske. Igiyoyinsa zaren ɗinki ne da na murza da kakin zuma don gashinsa ya kwanta.

Da na gama wannan duka motar ta yi kyau, amma ƙarya ce, domin ta yi kama da wadda ba ta taɓa fita daga shago ba. Saura a tsufar da ita. Na tsinka fenti mai duhu ya zama kamar ruwan shayi, na ɗiga a lunguna da gindin kusoshi, ya kwanta a can ya zama inuwa. Na ɗauki buroshi na tsoma a launi mai haske, na goge shi a tsumma har ya kusa bushewa, na shafa a kan kaifin ƙarafa, suka fito. Matakin hawa da bakin ƙofar baya na goga musu bakin fensir, suka yi ƙyallin ƙarfen da takalmi ya cinye. Laka kuwa ƙasa ce ta gaske daga bayan makaranta, na tankaɗe ta da lallausar rariya, na kwaɓa da farin gam, na cusa a ƙarƙashin bodi da bayan tayoyi. Ruwan da kan zuba a gaɓar Arakan cikin shekara ya ninka na Kano wajen sau biyar, amma tafiyar rundunar daga Disamba zuwa Afrilu cikin rani aka yi ta, saboda haka na sa tsohuwar laka busasshiya a ƙasa, ƙura a bisa. Na ga hotunan aikin waɗansu gwanaye na ƙasashen waje waɗanda ke lulluɓe motocinsu da tsatsa har su zama kamar juji. A ganina sun wuce gona da iri. Motocin nan ba su fi shekara biyu ko uku a duniya ba sa'ad da ake yaƙin, mahaifina kuwa yakan ce direban da sajan ya sami tsatsa ko ɗigon mai a motarsa, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. Tsatsa a bututun hayaƙi kaɗai na sa.

Da ta kammala na sa ta cikin kwali na kai wa gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura tamanin da biyar, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tarye shi ran da ya dawo. Idonta ya yi rauni, saboda haka na ɗora mata a tafin hannu, zuciyata tana ɗar-ɗar saboda madubin gefe. Ta shafa hancin, ta shafa tampol, ta sa ɗan yatsa ta taga ta taɓa kujerar. Ta yi shiru. Can ta ce, "Ɗan nan, ina butar?" Na ce, "Wace buta, Gwaggo?" Ta ce, "Butar Yaya mana. Ai a bayan ƙofarsa yake rataye ta, shi ya faɗa mana, har wani Bature ya hana shi, ya cire, da Baturen ya wuce ya mayar. Ba ita ce mai lotsattsen gindin nan da kuka tashi kuna alwala da ita ba?"

Na dawo gida na ɗauko hoton na sa tabarau. A bayan kafaɗarsa, tsakanin ɗakin direba da bodi, akwai wani ɗan duhu da shekara talatin ina ɗaukarsa tabon ruwa ne. Yana da hannu, yana da baki.

Buta mai tsawon taƙi guda, in an raba da 35, ta dawo kamar milimita shida. Na roƙi wata jikata dutsen ado ɗaya daga tsakiyar wuyanta, ta ce sai na biya, na biya da alawa. Na yi masa baki da mariƙi da silin wayar lantarki, na fente shi launin ƙarfe, na ɗan lotsa gindin da bakin reza, na rataye shi da zare a bayan ƙofar dama. Alaramma ya leƙo da la'asar, ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni ko kwalin nan ana samun na jirgin ruwan alhazai.